Yadda zaka ziyarci Cape Coast da Elmina a Ghana: hanya, masauki, tarihi da bakin teku

Duk wanda yace min zai je Ghana yawon buɗe ido, tambayar farko da nake masa ita ce ko ya saka Cape Coast a lissafi, domin mutanenmu da yawa suna sauka Akra, su shiga Nima da Mamobi su gaisa da 'yan uwa, wasu su leƙa Kumasi, shikenan su dawo gida suce sun ga Ghana. Gaskiya wanda bai taka Cape Coast da maƙwabciyarta Elmina ba, ya bar babban abu a baya. Garuruwa ne na bakin teku, akwai iska mai daɗi da bishiyoyin kwakwa da otal-otal na hutawa da kifi sabo, amma kuma a nan ne aka ajiye tarihin cinikin bayi mafi nauyi a duk yankinmu na Afirka ta Yamma, kuma tarihin nan ya shafe mu mu 'yan arewa fiye da yadda muke zato. Shi yasa nake roƙon duk mai niyya ya ware kwana uku aƙalla, kar ya yi irin zuwan nan na fita da safe a dawo da yamma a ɗauki hoto a saka a Facebook. Ga yadda nake ganin ya kamata a tsara tafiyar.

Mataki na farko: takardu da lokacin tafiya

Idan fasfonka na Najeriya ne baka buƙatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta baka damar zama har kwana 90. Amma katin rigakafin cutar shawara, wanda ake cewa yalo kad, dole ne, kar ka yi wasa da shi, a boda ko a filin jirgi za a tambaye ka, kuma a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya don ta fara aiki. Kuɗinsu sidi ne, ka canza kaɗan a hannu tun daga Akra, sauran kuma idan ka sayi layin waya zaka iya zubawa a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, domin a Ghana har mai sayar da kwakwa a bakin titi yana karɓar kuɗi ta waya. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara na hannunka saboda lokutan salla da na mota.

Batun lokaci kuwa, daminarsu biyu ce a kudu. Babbar tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa farkon Yuli, Yuni ne ruwa ya fi yawa, sai ƙaramar a Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Maris ya fi sauƙin yawo, sai dai Disamba otal yana tsada saboda baƙi daga Amurka da Turai suna cika ƙasar, musamman tun bayan shekarar 2019 da gwamnatin Ghana ta yi gangamin kiran jikokin bayi su dawo su ga tushensu. Ni dai Agusta ya fi min, gari da sanyi-sanyi, ba rana mai ƙuna, kuma lokacin ne kifi ke yawa. Idan kai mai son ganin biki ne, mutanen Elmina suna yin Bakatue a Talatar farko ta watan Yuli, na Cape Coast kuma suna yin Fetu Afahye a Asabar ɗin farko ta Satumba, ana ɗauke da sarakuna a kan kafaɗun mutane, da laima manya-manya da ganguna, amma fa a ranakun nan sai ka kama ɗaki tun da wuri.

Mataki na biyu: hanya

Jirgi daga Legas zuwa Akra kamar awa ɗaya ne. Ta mota kuwa ka bi Seme, Kwatano, Lome, ka shiga Ghana ta Aflao, boda uku kenan, yini guda ne cur wani lokacin har da dare idan an samu jinkiri. Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne ta yamma, ka je tashar Kaneshie ka hau ƙananan bas-bas masu sanyi, ko ka bi motar STC, kamfanin sufuri na gwamnati, idan kana son natsuwa. A takarda tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa uku, amma cunkoson Kasoa, garin da yake dab da fita Akra, yana iya cinye maka awa guda shi kaɗai, don haka ka yi asubanci, kana idar da sallar asuba ka kama hanya. Zaka wuce mahaɗar Winneba, Mankessim, Saltpond, sai Anomabo, daga nan teku zai fara leƙowa ta hagu tsakanin bishiyoyin kwakwa, to ka zauna ɓangaren hagu na motar. A hanya zakaga mata suna sayar da dokunun Fante, tuwon masara mai tsami na mutanen yankin, a jere an naɗe shi da busasshen ganyen ayaba, da abarba masu zaƙi sosai, ka saya.

Mataki na uku: masauki

Zaɓi biyu ne. Ko ka sauka cikin garin Cape Coast inda akwai ƙananan masaukai masu rahusa kuma komai yana kusa da ƙafa, ko ka kama ɗaya daga cikin otal-otal na bakin teku a gefen Elmina ko Brenu Akyinim ko Anomabo, inda zaka kwana kana jin ƙarar ruwa. Mai iyali na fi bashi shawarar na bakin teku saboda fili da natsuwa, matashi mai ƙaramin aljihu kuma ya zauna cikin gari. Tsakanin Cape Coast da Elmina kusan kilomita 12 ne kawai, tasi na haɗin gwiwa yana zirga-zirga duk yini.

Kar ka damu da batun salla da abinci. A wajen kasuwar Kotokuraba akwai Zango, akwai masallaci, kuma da ka yi sallama da Hausa za a amsa maka da Hausa. A nan zaka samu koko da ƙosai da safe, da waakye wato shinkafa da wake irin nasu mai ja, da tuwo, da tsire da daddare, yankan Musulmi. A otal-otal na 'yan yawon buɗe ido kuwa ka tsaya kan kifi shine mafi sauƙi, ko ka tambayi inda naman ya fito, ba wanda zai ji haushi.

Mataki na huɗu: ka san tarihin kafin ka shiga

Wannan shine abin da yawancin mutane suke tsallakewa, sai su shiga ginin suna kallon bango fari da igwa ba tare da sanin me suke kallo ba. A taƙaice: Turawan Fotugal ne suka fara isowa gaɓar nan a 1471 suna neman zinariya, suka samu kuwa da yawa, sai a 1482 suka gina babban gidan Elmina a ƙarƙashin wani kwamanda mai suna Diogo de Azambuja, kuma shine ginin Turawa mafi tsufa da yake tsaye har yau a Afirka kudu da Sahara. Da farko rumbun zinariya da kayan fatauci ne. Daga baya da aka buɗe gonakin rake a nahiyar Amurka da tsibiran Karibiyan, sai ɗan Adam ya fi zinariya tsada a wajensu, ɗakunan ajiyar kaya suka koma kurkukun mutane. Turawan Holan suka ƙwace Elmina a 1637, suka riƙe ta har 1872 da suka miƙa wa Ingila.

Gidan Cape Coast kuwa mutanen Suwidin ne suka fara gina shi a 1653, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, Denmak, Holan, har da sarakunan gargajiya na wurin, kafin Ingila ta ƙwace shi a 1664 ta mayar da shi hedikwatarta. Daga nan suka yi ta lodin bayi har 1807 da majalisarsu ta haramta cinikin. Cape Coast, wanda 'yan ƙasa Fante suke kira Oguaa, shine babban birnin mulkin mallakar Ingila a ƙasar har 1877 da aka mayar da shi Akra, shi yasa zakaga tsofaffin benaye na zamanin da sun cika garin, wasu sun tsufa sun fara zubewa abin tausayi. A 1979 hukumar UNESCO ta saka gidajen nan da sauran sansanonin gaɓar Ghana cikin kayan tarihin duniya.

To ina ruwanmu? Ruwanmu babba. Mutanen da aka tsare a kurkukun nan yawancinsu ba 'yan bakin teku bane, daga cikin ƙasa aka koro su, wasu daga can arewa mai nisa, a ƙafa, a ɗaure, tafiyar makonni. Kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda kakanninmu fatake suke zuwa sayen goro daga Kano da Katsina, kasuwar bayi ce kuma babba, wannan gaskiya ce da bai kamata mu ɓoye wa kanmu ba. Turawa ne suka kawo jirage da bindigogi da buƙatar, amma akwai sarakuna da dillalai baƙar fata da suka kamo suka sayar. Sannan a yaƙin da Ingila ta yi da masarautar Asante a 1873 zuwa 1874, wanda rundunar kwamandan Ingila Wolseley ta tashi daga Cape Coast ta nufi Kumasi, akwai sojojin Hausa da Kyaftin Glover ya ɗebo daga Legas, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan sojoji da fatake ne suka zauna suka kafa zangunan kudancin Ghana. Kaga kenan ba tarihin wasu kaje kallo ba.

Mataki na biyar: rana ta farko, gidan bayi na Cape Coast

Ka je da safe wajen ƙarfe tara kafin motocin 'yan makaranta su cika wurin. Kace wa direba kasil kawai, ya gane. A bakin ƙofa wasu samari zasu tare ka da fara'a su tambayi sunanka da ƙasarka, idan ka faɗa, kafin ka fito sun rubuta sunan a jikin ƙwaryar katantanwar teku sun ce kyauta ce, amma ana sa ran ka bada wani abu. Neman abinci suke, ba faɗa bane, idan baka so kayi murmushi ka wuce kar ka faɗi sunan. Tikiti iri biyu ne, na ɗan ƙasa da na baƙo, na baƙo ya fi tsada, ɗalibi mai katin makaranta yana samun ragi. Kuɗin ya haɗa da mai rakiya wanda zai zagaya da ku rukuni-rukuni kusan awa ɗaya, dan Allah ka bi shi, kar kace zaka zaga kai kaɗai.

Za a fara gangarawa da ku kurkukun maza. Hanya ce mai gangara zuwa cikin duhu, ɗakuna biyar a jere, masu rakiya suna cewa akan tara maza har kusan 1,000 a ciki lokaci guda, suna jiran jirgi makonni wani lokacin har wata uku. Iska da haske daga wasu 'yan ƙananan ramuka ne can sama. Ka duba ƙasa da kyau, akwai 'yar kwata da aka haƙa a tsakiya wai don fitsari da bayan gida su gangara, kuma abin da kake takawa a wasu ɗakunan ba bulo bane, ƙazanta ce da jini da gumi na mutane da suka daskare shekara da shekaru suka zama kamar daɓe, an kankare wani gefe don a nuna maka asalin bulon a ƙasa. Mai rakiya yakan kashe fitila na ɗan lokaci. Ku ashirin ne kawai a ɗakin amma zaka ji numfashi yana maka wuya, gumi yana keto maka, to ka auna mutum ɗari biyu a ɗaki ɗaya da sarƙa a ƙafa. Abin da ya fi tsaya min a rai shine a saman kurkukun nan daidai, Turawan suka yi cocinsu, suna waƙar ibada a sama mutane suna mutuwa a ƙarƙashin ƙafarsu.

Daga nan sai ɗakin horo, inda ake jefa wanda ya yi tawaye, ba taga, ba ruwa, ba abinci, ƙofofi a rufe har ya mutu, akwai zane-zanen da aka karce a ƙasa. Sai kurkukun mata a can gefen teku, sai ƙofar da suke kira ƙofar da ba a dawowa, inda ake fitar da mutane zuwa kwalekwale a kai su babban jirgi. Yanzu idan aka buɗe ta abin da zaka gani masunta ne suna ɗinkin koma da yara suna wasa a yashi. Ta waje an rubuta mata sabon suna, ƙofar dawowa, domin a 1998 an kawo ƙasusuwan bayi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka shigo da su ta wannan ƙofar. A ƙarshe za a hau da ku bene a nuna muku ɗakin gwamna, tagogi ta kowane gefe iskar teku tana kaɗawa. A jikin bango akwai allon tunawa da zuwan Barack Obama da iyalinsa a watan Yulin 2009.

Wata magana da nake so a riƙe: zaka haɗu da baƙaƙen Amurka da na Karibiyan a rukuninku, wasu suna kuka sosai, wasu sun kawo furanni. A wajensu maƙabartar kakanni ce. Kar ka yi ta dariya da selfi a cikin kurkukun, ka kashe ƙarar waya, ka yi addu'a a zuciyarka. Akwai kuma wurin tsafin gargajiya a ɗaki na ƙarshe na kurkukun maza, da mai kula da shi, ba dole bane ka matsa ko ka bada komai, ka wuce cikin mutunci. Idan da ƙananan yara ka zo, wanda bai kai shekara goma ba gara uwarsa ta tsaya da shi a tsakar gida. Kafin ka fita ka shiga gidan adana kayan tarihi da yake sama, akwai sarƙoƙi da ƙarfen da ake yi wa bayi lamba da shi.

Bayan ka fito kar ka ɗora wani abu mai nauyi a ranar. Ka ci abinci, ka yi salla, da la'asar ka taka a ƙafa cikin gari, ka ga gunkin ƙaguwa wanda shine tambarin garin, ka hau tudun Fort William, tsohuwar hasumiyar da take haska wa jirage hanya, daga can ana ganin gari duka da teku. Garin makarantu ne kuma, a nan Mfantsipim take wadda aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu, da Jami'ar Cape Coast da aka buɗe a 1962.

Mataki na shida: rana ta biyu, Elmina

Kar ka sa ta ranar Talata idan kana son ganin tashar masunta a cike, domin a al'adarsu ba a shiga teku ranar Talata. Sauran ranaku ka isa tun ƙarfe bakwai ka tsaya a kan gadar da ta ratsa tafkin Benya. Kwalekwale ɗaruruwa masu fenti kala-kala da tutoci, kowanne da rubutunsa a jiki, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, mata da manyan robobi a ka suna ciniki da ƙarfi, hayaƙin bandar kifi yana tashi, ƙarni kam akwai shi sosai amma kallon ya biya. Kar ka ɗaga waya a fuskar mutum sai ka nemi izini, matan kasuwar basa so ko kaɗan kuma suna da gaskiya.

Gidan Elmina ya fi na Cape Coast girma da tsufa, an kewaye shi da rami ana shiga ta gada. Abin da ya fi ciwo a nan shine tsakar gidan mata. Akwai baranda a sama inda gwamna yake tsayawa a fito masa da matan ya zaɓi wadda yake so, a wanke ta a hau da ita ta wani matattakalar katako zuwa ɗakinsa, wadda ta ƙi kuma a ɗaure ƙafarta da ƙwallon igwa a bar ta a rana. Ƙwallon yana nan a ƙasa zaka gani. Akwai ɗakuna biyu dab da juna, ɗaya na sojan Bature da ya yi laifi, da taga da iska, ɗayan an zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa a saman ƙofarsa. Ƙofar fita teku ta nan siririya ce sai mutum ya karkata, wai don a riƙa ƙirga su ɗaya-ɗaya. A wannan gidan ne kuma Ingila ta tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin ta kai shi Saliyo, daga can zuwa tsibirin Seychelles, za a nuna maka ɗakin. Filin da yake gaban ginin kuwa, wanda zakaga babu gidaje, nan ne tsohon garin Elmina yake, Ingila ta yi masa ruwan igwa ta ƙone shi a watan Yunin 1873 saboda mutanen garin sun ƙi yarda da mulkinta suna tare da Asante.

Idan ƙafarka da ƙarfi ka hau tudun da yake fuskantar gidan, akwai ƙaramin sansani na St. Jago a kai, daga tudun nan ne Holan suka harba igwa suka ci Fotugal, kuma nan ne wurin ɗaukar hoto mafi kyau a duk garin. A cikin unguwanni zakaga wasu gine-gine da gumakan siminti, jirgin ruwa, zaki, sojoji, na ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya ne da ake kira Asafo. Akwai ma wani labari da ba kowa ya sani ba, tsakanin 1831 da 1872 Holan sun ɗebi mutane kusan 3,000 daga nan, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka sayo a Kumasi, suka kai su aikin soja a ƙasar da yanzu ake kira Indonesiya, waɗanda suka dawo suka zauna a wani tudu da har yau ake kira tudun Java.

Da yamma sai bakin teku. A nan zan ja kunne da babbar murya, musamman mu da muka taso ba mu san ruwa ba sai na rafi da dam: tekun nan yana da ja ta ƙasa, zakaga saman ruwan kamar ba komai amma yana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kuma yawancin wuraren babu masu ceto. Ka tsaya iya gwiwa, kar ka juya wa igiyar ruwa baya, kar ka saki hannun yaro, kuma ka tambayi ma'aikatan otal inda ake shiga. Bakin ruwan da yake cikin gari wurin aikin masunta ne, ba shi da tsafta, wanda ake hutawa shine na Brenu Akyinim da na otal-otal ɗin yammacin Elmina, ko Anomabo ta gabas. Matan aure da 'yan mata da suke son sakewa ba tare da cunkoson maza da kiɗa ba su je ranar aiki da safe, Lahadi da ranakun hutu wurin yana cika. Ka sa a fasa maka ɗanyar kwakwa ka sha ruwan, sannan a gasa maka kifi a haɗa da banku, wani irin tuwonsu, ko dokunu da shito, yajin nasu baƙi mai ɗan karen daɗi.

Mataki na bakwai: rana ta uku, Kakum da Assin Manso

Dajin Kakum yana arewa da Cape Coast kamar kilomita 30. Abin da ake zuwa gani shine gadar igiya da aka ɗaura a saman manyan bishiyoyi, an buɗe ta a 1995, gadoji bakwai ne a haɗe, tsawonsu duka kusan mita 350, a wani wurin tsayinta daga ƙasa ya kai mita 30 zuwa 40. Katako ne siriri ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka da raga ta kowane gefe har kafaɗa, tana lilo kana tafiya, amma tana da ƙarfi, kuma wanda tsoro ya kama bayan gadar farko akwai gajeriyar hanya da zai bi ya fita. Kafin ka kai gadar akwai hawan tudu na wajen minti ashirin cikin zafi mai gumi, don haka mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya auna kansa. Ka sa kambas, ba silifas ba, babbar riga da doguwar abaya mai jan ƙasa a bar su a otal, ka riƙe ruwa. Kar ka sa rai da ganin giwa ko da yake suna cikin dajin, suna can ciki nesa da hayaniya, abin da zaka gani tsuntsaye ne da malam buɗe littafi da bishiyoyi irin waɗanda ba mu da su a arewa. Ka isa da an buɗe ƙofa. A hanyar dawowa akwai Hans Cottage, wurin cin abinci a kan tafki mai kadoji, yara suna son shi.

Idan ka gama da wuri, ka ɗauki shatar tasi zuwa Assin Manso, kamar kilomita 40 daga Cape Coast a kan hanyar Kumasi. Nan ne zangon ƙarshe na ayarin bayi da aka koro daga arewa, akwai rafin da ake tsayar da su su yi wankan ƙarshe, a aske su a shafa musu mai don su yi kyan gani a idon mai saye, sannan a gangara da su bakin teku. A nan aka binne ƙasusuwan mutum biyun nan da aka dawo da su a 1998, kuma duk ranar 1 ga Agusta ana taron tunawa da 'yanta bayi a wurin. Ana cire takalmi a taka zuwa rafin ga wanda yake so. Ni a ganina ɗan arewa ya fi kowa cancantar zuwa nan, domin hanyar da ta kawo su ta wajenmu ta fito. Ku yi ciniki da direban tun kafin ku tashi, kuɗin zuwa da jira da dawowa duka a dunƙule, don kar a yi rigima a hanya.

Ranar komawa ka biya Kotokuraba ka yi tsaraba, atamfa da yadin kente da duwatsun wuya da kwalbar shito, a nan ya fi araha kan shagunan da suke cikin kasil, kuma ana taya kaya kamar yadda muka saba. Banda kifi mai ƙarni idan ta jirgi zaka koma. Ka bar Cape Coast kafin azahar, idan Lahadi ce ma tun da hantsi, saboda da yamma kowa yana komawa Akra kuma Kasoa tana tsayawa cik, wanda jirginsa na dare ne ya ƙara awa biyu a kan lissafinsa.